Majanyin Inna da Teburin Marisela

Tun da na dawo bakina bai huta ba. In na je gidan suna, "Malama Binta, yaya Amurka?" In na je gaisuwar rasuwa, nan ma sai wata ta matso ta raɗa min, "Wai da gaske karnukansu har riga suke sawa?" Hatta mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya tambaye ni ko na taka ƙanƙara. To ban taka ba, kuma ba yawon buɗe ido na je ba. Aikena aka yi, saura ƙiris kuma in ɓata aiken da hannuna. Bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Yaya Kabiru shi ne ɗan farin Inna, ni nake bin sa. Ya fi shekara ashirin a Amurka yana aikin lantarki. A can ya auri wata 'yar ƙasar Meksiko mai suna Marisela, suka haifi 'ya ɗaya tak. Ya sa mata sunan Inna, Hauwa'u, ana kiranta Ummi. Sau ɗaya ya taɓa kawo su Kano, lokacin Ummi tana koyon tafiya. Shekara uku ke nan da ciwon zuciya ya ɗauke shi, a can aka binne shi. Bayan sadakar arba'in Marisela ta daina ɗaukar wayarmu. Mu kira, mu tura saƙo, mu tura gaisuwar sallah, shiru kamar an shuka dusa. Ba mu san laifin da muka yi mata ba.

Da daminar da ta wuce Inna ta zame a banɗaki, tun daga nan ba ta sake tsayuwa da ƙafarta ba. Wata safiya ina shafa mata man zafi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Binta, ina son in ga takwarata kafin in koma." Inna ba ta taɓa roƙona komai ba a rayuwarta. Na ce to, zuwa da kai ya fi aike. Ba zan ɓata muku lokaci da wahalar biza ba, an dai ba ni daga ƙarshe.

Ranar da zan tashi, Inna ta sa aka jawo tsohuwar akwatinta ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ce in juya baya. Da na juyo sai ta miƙo min wani ƙunshi a tsumman atamfa, an ƙulle shi ƙulli uku.

"Ki ba yarinyar. Kada ki buɗe."

"Inna, mene ne a ciki? Mutanen can sai sun tambaya."

"Ki ce saƙon tsohuwa ne."

Daga Kano zuwa Abuja motar haya na bi. Direbanmu kamar wanda aka biyo, duk inda ya hangi shingen jami'an tsaro sai ya taka birki har goshina ya daki kujerar gaba. Wata mata kusa da ni tun daga Kwanar Dangora take jan carbi har muka wuce Kaduna, ni kuma jakar hannuna na rungume, ƙunshin Inna yana ciki. Jirgi ya tsaya da mu a Adis Ababa, daga nan muka miƙa, tafiyar da sai da ƙafafuna suka kumbura takalmina ya ƙi shiga. Abincin jirgi kuwa, Allah ya ba masu ci haƙuri. Burodi da shayi na yi ta sha.

A filin jirgin Dalas aka fara gwada zuciyata. Ina tsaye ina jiran akwati sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, wata jami'a tana riƙe da shi, ya zo ya zauna daram a gaban kayana. Aka ce in bi su gefe. Kilishin da na saya wa Ummi, mai tsada, wanda aka naɗe min da kyau, shi aka fara zarowa. Wani jami'i ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu, ya jefa shi a kwandon shara ina kallo. Kuka da kuɓewa busasshiya ya juya, ya shinshina, ya mayar. Daddawa kuwa da ya buɗe sai da ya ja da baya. Shekara talatin ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, amma ranar na rasa yadda zan yi wa Bature bayanin daddawa.

Sai ya ɗago ƙunshin Inna.

"Wannan fa?"

"Saƙon mahaifiyata ne."

"Me ke ciki?"

"Ban sani ba."

Jama'a, ashe babu amsar da ta fi wannan muni a wurin nan. Nan take fuskarsa ta canza. Ya kira wani, ya sa safar hannu, ya ce in ja da baya in ajiye hannuwana inda zai gan su. A raina na ce shi ke nan, in laya ce ko garin magani Inna ta ƙulla, yau a jirgin da ya kawo ni zan koma. Ya yi ta fama da ƙullin, don Inna in ta ƙulla abu sai haƙori. Da ya warware sai ga wani tsohon majanyi na saƙi, baƙinsa ya koɗe, bakinsa ya zare.

"Mene ne wannan?"

Ban taɓa ganinsa ba, amma na gane shi. Mu da aka haifa daga baya da tawul aka goya mu. Wannan na Yaya ne. Shekara hamsin da biyar yana ƙasan akwatin matar da ban taɓa jin ta ambaci sunan ɗanta ba.

Na ce da jami'in, "Da shi ake ɗaure jariri a baya." Ya dube ni, ya dubi majanyin, ya naɗe shi a hankali ya miƙo min.

Alhaji Isuhu ne ya tarbe ni, mutumin Maraɗi, aminin Yaya, shi ya yi masa wanka da ya rasu. Aikinsa ɗaukar fasinja daga filin jirgi. A gidansa na sauka a unguwar Sitalin, matarsa Hajiya Rabi ta ba ni ɗakin 'yarsu, ta dama min fura da nonon kanti, wallahi har da ɗan yaji-yajinta kamar a gida. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ƙofar gidajen unguwar. Ƙarshen Oktoba ne, kusan kowane gida an jera kabewa, an rataye kwarangwal na roba, wani ma an zaunar da shi a kujera da hula. Na ce, "Alhaji, lafiya mutanen nan?" Ya yi dariya ya ce wasan yara ne, alewa suke bi gida-gida suna karɓa.

Washegari ya kai ni maƙabartar Musulmi. A Kano ni da maƙabarta sai dai in wuce ta bakin katanga in yi sallama, amma a can mata suna shiga. Na shiga. Kabarin Yaya yana da ɗan dutse a kwance, an rubuta sunansa. Na yi masa addu'a, na yi kukana. A gefen dutsen akwai furanni ruwan goro, sababbi, ko yaushi ba su yi ba.

"Matarsa ce," in ji Alhaji Isuhu. "Ba ta hwashin zuwa. Malama, matar ga ba muguwa ba ce. Ɗiyar ma ita ke kawo ta islamiyya ran Lahadi da kanta. Amma in an ambaci mutanen Kano sai ta ɗaure huska. Na samu ta yarda ki tahi ran ɗaya ga wata. Sai dai lokacin tuna matattunsu ne, duk abin da kika gani ki riƙe bakinki."

Na ce masa ai ni ba yarinya ba ce. Da na sani da ban cika baki ba.

Gidan Marisela yana unguwar Witon, ƙaramin gida na jan bulo, bayan wasu kantuna inda za ka ga shagon 'yan Afirka yana jingine da na masu jin Sifaniyanci. Alhaji Isuhu ya sauke ni bayan azahar ya wuce aiki. Ummi ce ta buɗe ƙofa. Shekararta goma sha huɗu, doguwa, goshin Yaya sak, har wushiryar. Ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo," da wata Hausa mai tsalle-tsalle. Daga nan Hausar ta ƙare, sauran duk da Turanci muka yi. Marisela ta fito daga kicin tana goge hannu, gajeriya, gashinta ya fara furfura. Ta ba ni hannu, ba ta rungume ni ba.

Ina shiga falo na yi turus. A kusurwa an kafa tebur hawa uku, an lulluɓe da farin ƙyalle. Furannin nan ruwan goro sun cika shi, an kuma zuba wasu a ƙasa kamar 'yar hanya har bakin ƙofa. Kyandirori suna ci, turaren wuta yana tashi, takardu masu launi an yanka su kamar leshi an rataye a sama. Ga kofin ruwa, ga gishiri a ɗan faranti, ga burodi, ga wasu ƙananan ƙoƙunan kai da aka yi da sukari aka yi musu ado. Hotunan tsofaffi biyu, iyayen Marisela. A hawa na sama kuwa, a tsakiya, hoton Yaya Kabiru ne yana dariya. An ɗora hularsa zanna bukar a saman firam ɗin, carbinsa yana rataye, a gabansa kuma faranti ne da tuwo da miyar kuka.

A'uzubillahi ta zo min har leɓe, na haɗiye ta. Ummi ta ja hannuna tana min bayani da murna. Duk shekara, ranar ɗaya da biyu ga Nuwamba, mutanen mahaifiyarta suna yin haka a gida. Ruwan don wanda ya sha tafiya ne, furannin don ya gane hanya, abincin kuma wanda ya fi so. A rana ta biyu ake taruwa, a kira sunan kowane mamaci da ƙarfi, a ba da labarinsa, a yi dariya, a ci abinci. Ni kuwa a raina ina cewa, mu da in mutum ya rasu muke sauke hotonsa, mu rabar da kayansa sadaka, sunansa ma ya koma marigayi? Yaya da ba ya wasa da sallah, shi aka zaunar tsakanin ƙoƙunan kai?

Aka kawo abinci, wani abu kamar alala amma na masara, an naɗe shi a ɓawon masara da kaza a ciki. Marisela ta ga ina juya shi, ta ce, "Kaza ce ta halal. Naman alade bai taɓa shiga gidan nan ba, har yau." Na ji kunya, na ci. Da daɗi kuwa. Hira dai tana tafiya da ƙyar, in na kawo zancen Inna sai ta tashi ta duba tukunya. Na ce bari in bari sai an saki jiki sannan in fito da ƙunshin.

Da la'asar ta yi, Marisela ta ce za su leƙa kanti su karɓo burodin gobe, minti goma. Ummi ta ɗauko min dardumar babanta, suka fita. Na yi alwala, na buɗe waya in duba alƙibla. Kibiyar ta juya, ta juya, ta tsaya cak a kan teburin. Na matsa dama, na matsa hagu, falon ƙarami ne, duk inda na tsaya teburin ne a gabana. Ɗakunan kwana a rufe, ni kuma baƙuwa ba zan buɗe ɗakin mutane ba. Ta yaya zan yi sujada alhali ga hotuna da kyandir a gabana? Na ce minti biyar ne, kafin su dawo na mayar da komai. Na hure kyandirorin, na kife hotunan ukun, na ajiye hular a gefe, na yafa gyalena a kan ƙoƙunan, na ta da sallah.

Ina raka'a ta uku na ji an buɗe ƙofa. Ashe jaka Marisela ta manta. Na ji takunta ya tsaya. Ba a taɓa yin raka'a biyu masu tsawo irin waɗannan ba. Da na sallame na waiwayo, tana tsaye, Ummi a bayanta ta toshe baki da hannu.

"Maman Ummi, ki tsaya ki ji, sallah ce..."

"Na san sallah," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shekara goma sha biyar ina kallon mijina yana sallah a wannan kusurwar. Shi ya sa na kafa teburin a nan, wurinsa ne. Da kin tambaya da na buɗe miki ɗaki." Ta wuce ta ɗaga hoton Yaya ta rungume a ƙirji. "Kin kife fuskarsa. Kin kife fuskar uwata da ubana a cikin gidana. Amma ban yi mamaki ba, haka kuke. Ku ba kwa son a tuna shi."

Nan fa zuciyata ta taso, kun san halina. Na ce, "Mu? Mu da muka fito ciki ɗaya?"

"Ciki ɗaya! Na je Kano da ƙafata. Shekara goma uwarsa ba ta gan shi ba, ya durƙusa a gabanta, ta amsa gaisuwa tana kallon bango. Ni ta rungume, jaririya ta karɓa, shi ko kallo. In ya kira waya, kalma biyu ta miƙa wa wani. Ranar da ya mutu na kira ina kuka, aka ba ta wayar, aka fassara min abin da ta ce: Allah ya ji ƙan Musulmi. Musulmi! Ko a ranar ba ta iya kiran sunan ɗanta ba. Yanzu kina so in ɗauki 'yarsa in kai wa matar da ba ta ƙaunace shi ba? Ki kira wanda ya kawo ki."

A bakin titi na jira Alhaji Isuhu, cikin sanyi, ba gyale, don na baro shi a kan teburin. Ƙunshin Inna yana nan a jakata. Na yi kuka na baƙin ciki da na jin haushin kaina. Na tsallako teku, na rasa kilishi, na zo na rushe komai a minti biyar.

Da safe ƙanwata ta kira daga Kano, ta kara wa Inna wayar a kunne.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta, Inna."

"Kin ba ta?"

"Yau zan ba ta."

Sai ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi mari ciwo.

Hajiya Rabi tana jinmu. Ta ce, "Malama, kin ce kin ga tuwo a teburin?" Na ce na gani, duk gudaji, miyar kuma kamar ruwan wanki. Ta ce, "To macen da ba ta san tuwo ba ta tuƙa wa mijinta tuwo shekara uku bayan mutuwarsa. Ke kuma gudajin kika gani." Na ɗauki kukata da daddawata, na roƙi Alhaji Isuhu ya mayar da ni, ba gayyata ba komai.

Marisela ce ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofar ta tare. Na ce, "Maman Ummi, na yi laifi jiya. Gidanki ne, iyayenki ne, mijinki ne, ban tambaye ki ba na taɓa. Ki yafe min. Ba zan yi miki ƙarya ba, ni ban yarda mamaci yana dawowa ya sha ruwa ba, addu'a da sadaka na sani. Amma ba don in wulaƙanta shi na yi ba. Tambaya ɗaya zan yi miki, in kin amsa kika ce in tafi zan tafi."

Ta gyaɗa min kai.

"Mene ne sunan 'yarki a takarda?"

"Hauwa."

"Tun da aka haife ta har ya rasu, sau nawa kika ji ubanta ya kira ta Hauwa?"

Kafin Marisela ta amsa, Ummi ta leƙo ta bayanta ta ce, "Ko sau ɗaya. Ko a makaranta in an ce ya faɗi sunana sai ya rubuta a takarda ya miƙa."

"Don ba ya ƙaunarki ne?"

"A'a!"

"Sunan uwarsa ne, ya fi ƙarfin bakinsa. To haka ita ma. A wurinmu, matan zamanin Inna ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa kallonsa a gaban mutane, ba sa nuna sun damu da shi. Kunya muke ce wa abin. Ni ma shekarata hamsin da biyu ban taɓa jin sunan daga bakinta ba, yayanku kawai take cewa. Ku wanda kuke so kuna kiran sunansa da ƙarfi. Ita nata a ciki ta riƙe."

Na zaro ƙunshin na miƙa wa Ummi. Ta warware, ta ɗago majanyin. Na gaya musu mene ne, da inda ya kwana shekara hamsin da biyar, da yadda aka sa ni juya baya kafin a fito da shi. Marisela ta sa hannu ta shafa bakin da ya zare. Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta matsa daga bakin ƙofar.

Kicin na wuce kai tsaye, na ce in dai tuwon Yaya ne to a yi shi yadda yake ci. Na tuƙa, na kaɗa miya, warin daddawa ya cika gidan har 'yan'uwan Marisela da suka fara taruwa suna tari suna dariya. Niyyata sadaka ce ga masu rai, na kuma faɗa musu haka. Ummi ta tambaye ni ko za ta iya ajiye majanyin kusa da hoton babanta. Na ce, "Naki ne, ke aka ba." Da lokacin sallah ya yi Marisela da kanta ta buɗe min ɗakinta, gyalena yana kan gado a ninke.

Kafin a fara kiran sunaye Marisela ta ce, "Kira ta." Inna take nufi. Na kira ta bidiyo, ban san abin da Inna za ta ce in ta ga teburin ba. A Kano yamma ta yi, ƙanwata ta tayar da ita ta jingina ta da filo. Ummi ta durƙusa da wayar a hannu ta ce, "Ina wuni, Kaka." Inna ta ƙura mata ido, ta ce, "Takwara, haka kika girma ba ki neme ni ba? To na fasa ƙawancen." Na fassara, Ummi tana dariya tana hawaye.

Sai yarinyar ta juya wayar ta nuna mata teburin. Furanni, kyandir, ƙoƙunan sukari, majanyi, hoton da hula a kai. Inna ta daɗe tana kallo, ba ta kau da kai ba. Wannan ne karo na farko da na ga ta kalli fuskar Yaya a gaban mutane.

"Binta."

"Na'am, Inna."

"Ki ce su gyara hular nan. Shi ba ya sa ta a tsaye. Hagu yake karya ta, tun yana yaro."

Na fassara. Marisela ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa, ta fashe da kuka. Tana cewa, "Hagu ne, hagu ne. Ashe tana kallonsa." Ta miƙe ta karya hular da hannunta, ta karɓi wayar, ta ce da Inna da 'yar Hausar da ta sani, "Sannu, Mama." Daga nan ta juyo ta ce min in an yi hutun ƙarshen shekara za ta kawo Ummi da kanta, ba za ta jira dogon hutu ba.

Aka kira sunaye. Marisela ta kira na iyayenta, ta ba da labarinsu. Ummi ta kira na babanta, ta ba da labarin yadda yake ƙona ƙwai duk ranar Asabar. Da aka zo kaina na karanta masa ƙulhuwallahu, na ba su labarin ranar da ya faɗa rijiyar gidanmu garin ɗauko min 'yartsana. Tuwon kuwa ko loma ba ta rage ba.

Dawowa ba wani labari, sai dai a Abuja akwatina ta yi kwana biyu kafin ta iso. Na isa gida da hantsi. Bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, Inna ta ce in turo ƙofa. Ta tambayi ranar da za su zo, na faɗa mata, ta ƙirga da yatsu ta ce Allah ya kai mu. Sannan ta shiga murza bakin zaninta.

"Kin je wurin yayanku?"

"Na je, Inna."

"An ce a can suna rubutu a kai."

Na buɗe waya na nuna mata hoton dutsen. Inna ba ta karatun boko. Ta sa ɗan yatsa a kan rubutun.

"Me suka rubuta?"

Na karanta mata sunan. Ta ce in sake, na sake. Sai na ga leɓenta yana motsi, a hankali, gaɓa uku. Sauti bai fito ba, amma na ga abin da ta faɗa. Na tashi na ce bari in dubo mata ruwan zafi, na fita tsakar gida na yi kukana a can, don kada ta ji kunyata.